Gidan Sayarwa, Ba Dillali

Ranar da likita ya ce wa Gwaggo ta yi sallama da hawa bene, Kafinta ne ya fito daga asibitin fuska a murtuke. Gwiwar matarsa ce ta lalace, wannan gaskiya ne, amma matakalar da aka ce a daina hawa tasa ce, shi ya yi ta da hannunsa. Duk wanda ya taɓa zama da shi ya san haka, ko ya tambaya ko bai tambaya ba.

Gidan nasu siriri ne, hawa biyu. Ƙasa shagon aikinsa ne, ƙofa a bakin titi, cike da katako da ƙarar injin yanka. Can sama rayuwa take: ɗakuna biyu, falo, kicin da banɗaki. Hanyar hawa kuwa ta wata ƙofar gefe ce da ke cikin lungu, kuma a nan matakalar take, ta katakon maɗaci, da mariƙi mai lanƙwasa wanda ya rantse bai buga masa ƙusa ko ɗaya ba. Ya yi ta shekarar da aka haifi 'yarsu ta fari, 'ya'yansu duka a kanta suka koyi gudu da faɗuwa. Yanzu kowa ya kama gabansa, saura shi da Gwaggo, wadda unguwa ke kira haka har shi ma ya bi sahu.

Auta, 'yarsu ta ƙarshe, ita ta samo mafita. Akwai wani ɗan gida na ƙasa kusa da nata, ko tudu babu a ƙofarsa, har da rumfa a baya inda Kafinta zai kafa bencinsa. Mai gidan ya ce zai jira su, amma ba har abada ba, don shi ma tashi zai yi. Magana ɗaya ce: a sayar da wannan, a sayi wancan, Gwaggo ta huta da hawa da sauka.

Kafinta bai yi musu ba. Abin da ya kafe a kai shi ne ba zai sa dillali ba.

Abin dariyar, dillalin a cikin dangi yake. Ƙanin Gwaggo ne ciki ɗaya, ɗan gajere mai fara'a, da tarin makullai a aljihu waɗanda ke yi masa sallama tun daga bakin lungu. Kafinta bai taɓa kiransa da wani suna ba sai La'ada, shi kuma yana amsawa da "Na'am, Yaya," kamar sunan da aka raɗa masa ke nan.

"Yaya, ka bar mini gidan nan," in ji La'ada ranar da ya ji labari. Yana zaune a falo yana shan shayin yayarsa. "Kafin ka gama tunanin kwashe kayan aikinka na kawo maka mai saye."

"Me za ka yi wanda ba zan iya ba?" in ji Kafinta. "Ka san kaurin bangon nan? Ka san katakon da ke cikin rufin? Kai dai ka buɗe ƙofa ka ce ga falo, ga kicin, kamar mutane ba su da ido, sannan ka miƙo hannu."

"Ba don buɗe ƙofa ake biyana ba, Yaya. Zagi nake sha. Mai saye zai faɗi abin da ba za ka so ji ba, kai ma ka faɗi abin da ba zai so ji ba. Ni nake tsayawa a tsakiya in haɗiye duka, in kai wa kowa ɗan abin da ya rage mai daɗi. Sannan in san wanda zan buɗe wa ƙofa, da wanda zan ce masa makulli ya ɓata."

"To je ka haɗiye na wasu. Nawa zan iya da shi."

Gwaggo ta ƙara wa ƙaninta shayi. "Ku biyun nan tun ina amarya kuke wannan rigimar, har yau ba wanda ya ci."

Washegari Kafinta ya zaɓi katako mafi kyau a shagon, ya yanke, ya bi shi da samfefa har ya yi santsi, ya yi masa ado a gefe, sannan ya rubuta da farin fenti: GIDAN SAYARWA, BA DILLALI. Ya sa lambar wayarsa a ƙasa. Allon ya yi kyau ƙwarai. Mutum na farko da ya tsaya a kansa tambaya ya yi ko za a yi masa irinsa don shagonsa na aski.

Daga nan masu saye suka fara zuwa, Kafinta kuma ya fara korarsu, ko da yake shi bai taɓa kiran abin da yake yi kora ba. Matsala ta farko, ba wanda ke isa sama da wuri. A gindin matakala yake tare mutum ya ba shi tarihinta tun tana itace, ya sa shi ya shafa mariƙin, ya tambaye shi ko ya ji ƙusa. Wanda ya jure ya kai falo, da ya buɗe baki sai a shiga matsala ta biyu. Wani direba ya ce ɗakunan sun yi ƙanana, Kafinta ya ce a cikinsu ya raini 'ya'yansa kaf, ba wanda ya fito a lanƙwashe. Wani ɗan kasuwa ya ce zai fasa shagon ƙasa ya mayar da shi wurin ajiye mota, Kafinta ya raka shi har titi, ya nuna masa hanyar tasha, ya ce can irin abin da yake nema yake.

Da yamma sai ya hau sama yana huci ya ba Gwaggo labarin rashin kunyar mutanen zamani. Ita kuma tana shafa man zafi a gwiwa tana cewa, "Allah ya kawo mai rabo." Ba ta taɓa wuce haka ba. Gwaggo irin matan nan ne da ko ƙaya suka taka sai sun gama gaisawa da kai kafin su duba ƙafar. In za ta sauka yana wurin, sai ta kama mariƙin da hannu biyu, ta bi a hankali tana ja masa taɗi, wani lokaci har ta ce mariƙin nan akwai daɗin kamu. Shi kuma sai ya ji daɗi ya koma shago ya tada injinsa.

Wata safiya wata nas ta zo. Daga wurin aiki ta taso, ko farin takalminta ba ta canja ba. Ta gaishe shi da ladabi, amma ba ta tsaya jin tarihi ba. Ta ce, "Baba, bari in gani da idona," ta wuce sama. Ta buɗe famfo ta tsaya tana kallon ƙarfin ruwan. Ta ƙwanƙwasa bango. Ta tambayi Gwaggo ta ina rana ke shigowa da safe, da inda take shanya in ana ruwan sama. Sannan ta fara jerowa: kicin ya yi duhu, tagar falo ba ta rufuwa sosai, bangon banɗaki ya sha danshi. Kafinta yana biye da ita, kowace kalma tana sauka masa kamar guduma a yatsa.

Da za ta sauka sai ta tsaya a kan matakala. Ta sunkuya ta shafa tsakiyar wani taki, inda katakon ke ƙyalli kamar an zuba masa mai.

"Wa yake goge ta haka, Baba?"

"Ba mai goge ta," in ji Kafinta, karon farko ya ɗan saki fuska. "Aiki ne in ya yi kyau. Kullum ƙara ƙyalli take."

Nas ta ɗaga kai ta dubi Gwaggo da ke tsaye a sama. Gwaggo ta mayar da idonta kan taga.

"Ta yi tsaye da yawa," in ji nas. "Yarana kuma masu gudu ne. In na saya sai na sa an liƙa roba a kowane taki."

Roba. A kan maɗaci. Kafinta ya ji abin har tsakiyar kansa. Ko tayin da ta yi daga baya bai shiga kunnensa ba, alhali tayi ne na mai son saye, wanda da ɗan ja-in-ja za a daidaita.

"'Yata," ya ce, "gidan ba na sayarwa ba ne."

"Allon da ke waje fa, Baba?"

"Shi ma ba na sayarwa ba ne."

Nas ta yi murmushin wadda ta saba da masu ƙin allura. Ta koma sama ta bar wa Gwaggo lambarta, ta ce ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ta yi sallama ta tafi.

Labari bai kwana ba ya kai kunnen La'ada. Ya zo shago ya tsaya yana kaɗa kai.

"Yaya, ka kori mai saye ta gaske. Macen da ta tambayi inda za ta yi shanya ai ta riga ta tare a zuciyarta. Wanda ba zai zauna a gida ba, ina ruwansa da danshin banɗaki?"

"Wato in mutum ya zage ka, sonka yake."

"A sana'armu, sau da yawa."

"Shi ya sa ba na sana'arku," in ji Kafinta, ya kunna inji don kada ya ji amsa.

Kwanaki suka yi ta tafiya, allo yana nan yana shan rana. Auta ta kira ta ce mai gidan can ya fara amsa gaisuwarta a taƙaice, har ta ga wasu baƙi suna leƙa rumfar baya. Kafinta ya ce ta kwantar da hankalinta, gida mai kyau mutumin kirki yake jira. Amma ranar sai da ya yanke katako ɗaya ba daidai ba, abin da ya daɗe bai yi ba.

Ana cikin haka sai ga Mai Turare. Ƙamshinsa ya riga shi shiga shago, ya danne warin gam da katako. Dogo ne, fes-fes, mai magana a hankali kamar yana tsoron tada wani daga barci. Ya russuna ya gaida Kafinta, ya ce allon ne ya tsayar da shi, don shi a duniya ba abin da ya tsana irin dillali, sun cuce shi ba sau ɗaya ba. Kafinta ya ji kamar ya gamu da ɗan'uwan da aka raba su tun suna yara.

A gindin matakala Mai Turare ya tsaya cak, ya riƙe haɓa.

"Baba, wannan ba maɗaci ba ne?"

To, ai shi ke nan. Kafinta ya kwance masa tarihi tun daga ranar da ya ga gungumen, mutumin nan kuma ya saurara har ƙarshe, ya nemi ƙari. Ya shafa mariƙin ido a lumshe, ya ce, "Ba ƙusa?" Kafinta ya ce ko ɗaya. Ya ce shi kam in ya sayi gidan nan ba wanda zai hau matakalar nan da takalmi. Da suka je sama, daga bakin ƙofa ya leƙa ɗakunan ya ce sun yi masa yawa ma. Bai buɗe famfo ba, bai taɓa taga ba. Kafinta ya faɗi farashin da ya ɗora wa ƙari don a yi ciniki, Mai Turare ya ce, "Ai ka yi mini sauƙi, Baba. Matakalar kaɗai ta ci rabin haka."

Abu biyu kawai ya roƙa. Kwafin takardun gida don lauyansa ya duba, sai kuma ya kawo iyalinsa su gani ranar Talata, don ranar kaɗai matarsa ke samun sarari. Talata kuwa ranar asibiti ce, ranar da ake gasa wa Gwaggo gwiwa, tun safe suke fita. Mai Turare ya nuna damuwa ƙwarai, ya ce to ba komai, zai ba matarsa haƙuri, ko da yake akwai wani gidan da take so a can wata unguwa.

Ya kamata a faɗi gaskiya a nan: bai nemi makulli ba. Kafinta ne da bakinsa ya ce, "To ko in bar maka makullin ƙofar gefe?" Sai da mutumin ya ƙi, ya sake ƙi, sannan ya karɓa da hannu biyu.

"Baban Auta," in ji Gwaggo bayan ya tafi, "ko a kira ƙanina ya tsaya da su ranar?"

"Don ya ɓata mini ciniki?"

Da yammacin Talatar Mai Turare ya dawo da makulli, haɗe da man shafawa na gwiwa da ya ce ya sayo wa Gwaggo. Ko cokali bai ɓata a gidan ba. Ya ce iyali sun yaba, banki kawai ake jira. Kafinta bai iya haƙuri ba, ya kira La'ada a waya, bakinsa har kunne.

"Na sayar, ba tare da kai ba."

"Madalla, Yaya. Me ya kushe?"

"Ko abu ɗaya."

Nan take muryar La'ada ta canja.

"Ina yake aiki? Wa ya san shi?"

"Mutumin kirki ne. Ya san maɗaci da ido."

"Yaya, don Allah ka canja makullin ƙofar gefe yau ɗin nan."

"Hassada ba kyau, La'ada," in ji Kafinta, ya kashe wayar yana dariya.

Talatar da ta biyo suka dawo daga asibiti rana tsaka, motar hayar da ta kawo su ta kasa shiga lungu. Wata motar ɗaukar kaya ce ta toshe shi, an sauke katifa da tukwane da buhunan tufafi a ƙasa. Ƙofar gefe a wangale. Kafinta ya zaunar da Gwaggo a bencin shago ya zagaya da sauri, sai ya tarar da wasu ƙarti biyu suna kokawa da kabad a kan matakalarsa, kusurwar tana kankare mariƙin tana fitar da farin layi.

Abin da ya fito daga bakinsa ba kalma ba ce, amma ƙartin sun gane, suka tsaya.

Wani matashi ya sauko yana share gumi, matarsa a bayansa da jariri a kafaɗa. Mai gyaran firji ne, kamar yadda aka sani daga baya. Ya gaishe shi da fara'a.

"Sannu, Baba. Kai ne kafintan ƙasa ko? An ba mu labarinka."

"Wane labari?"

"Mai gidan ya ce akwai wani dattijo da ke hayar shago, mutumin kirki, sai dai yawan magana. Ya ce in ka fara zancen matakala mu dai riƙa cewa to." Matar ta zungure shi da gwiwar hannu, ya gyara murya. "Masu zama a sama kuma, ya ce yau za su kwashe. Muka zo muka tarar ba su kwashe ba, sai muka tattara musu kayan a ɗaki ɗaya. Ba mu fasa komai ba."

"Wane mai gida?"

"Dogon nan mai ƙamshi. Wanda ya sayi gidan."

Ya fito da makulli sabo fil, da kwafin takardun da Kafinta ya bayar da hannunsa. Ya ce Talatar da ta wuce aka zagaya da su ko'ina, suka biya hayar shekara a falon nan, a kan kujerar da ke kusa da taga. Kujerar Kafinta ke nan.

"Shi ya nuna mana allon," in ji matashin, yana duban fuskar dattijon. "Ya ce kun gani, ni ba na harka da dillali. Muka ce mun huta da biyan la'ada."

Kowa ya ciro wayarsa. Lamba ɗaya suka kira, murya ɗaya ta gaya musu a kashe take. Matar ta zauna a kan katifa a tsakiyar lungu ta fara kuka ba sauti, don sun riga sun mayar da makullin ɗakin da suka baro. Maƙwabta suka fara taruwa, kowa da shawararsa. Kafinta ya tsaya tsuru-tsuru. An yi masa sakiyar da ba ruwa, kuma da allonsa aka yi wa yaran nan tasu, wannan ya fi ci masa rai.

Gwaggo ce ta kira ƙaninta. Ba a jima ba aka ji ƙarar makullai daga bakin lungu. La'ada ya dubi mota, ya dubi katifa, ya dubi farin layin da ke jikin mariƙi, sannan ya ce, "Sannu, Yaya." Bai ƙara ko kalma ba a kan wannan. Da ya ce ai na gaya maka, da Kafinta ya samu abin yin faɗa ya ji sanyi. Amma ɗan banzan ya hana shi.

La'ada ya ja matashin gefe ya yi masa tambayoyi. Ya ce dogon nan ba a nan ya fara ba, allo yake bi, duk inda mai gida ya rubuta da kansa sai ya shafa turare ya shiga. Ya ce akwai wani ɗaki a hannunsa da ba kowa, su kai kayan can su kwana biyu kafin a ga abin da hali zai yi. Ya sa ƙartin suka sauko da kabad, wannan karon da bargo a kusurwar. Sannan ya ce za su je wurin 'yan sanda gaba ɗaya, Yaya ya ɗauko takardun gida na asali.

Kafinta ya bar su a bakin titi ya zagaya lungu, ya shiga ƙofar gefe. A nan ya tsaya.

Gwaggo tana tsakiyar matakala, a zaune, ta ba sama baya. Ta gaji da bencin shago, ga lokacin maganinta ya wuce, ta ga kowa ya shagala da hayaniya sai ta sulale. Ta kai hannu biyu baya ta dafa taki, ta cije leɓe, ta ɗaga jikinta ta ja shi sama, ƙafar mai ciwo a miƙe tana biyowa. Ta huta tana mayar da numfashi. Ta sake dafawa. Ba ta yi kamar mai koyo ba, ta san inda za ta sa kowane hannu. Duk takin da ta bari, zanenta ya shafe tsakiyarsa.

Shi kafinta ne. Ya sani tun yana yaro cewa ƙafa dusashe katako take yi, ƙyalle ne ke sa shi ƙyalli. Ya dubi takin da ke gabansa, gefe a dushe, tsakiya na walƙiya, haka har sama. Abin da ya yi ta nuna wa baƙi ke nan yana bugun ƙirji.

Ta ɗago ta gan shi. Ta gyara ɗankwali.

"Ba ka can wurin baƙinka?"

"Tun yaushe, Gwaggo?"

"Kai dai je ka, suna jiranka."

"Tun yaushe?"

"Tun kafin mu fara zuwa wurin likita," ta ce. "In na ji injinka ya tashi sai in yi abina. Ya fi sauƙi. Ga shi ina goge maka ita kyauta, ko godiya ba ka taɓa yi ba."

Ta so ya yi dariya, ya kasa. Kunya ta rufe shi, irin wadda ba a jin ta a gaban baƙi sai a gaban wanda ya san ka. Direba, ɗan kasuwa, nas, duk ba su yi masa komai ba. Shi ne bai so rabuwa da katakonsa ba, ya yi ta neman wanda zai yabe shi, matarsa kuma tana jan jiki a kan abin da yake alfahari da shi don kada ta ɓata masa rai.

Ya leƙa waje ya kira, ba da ƙarfi ba. "La'ada."

"Na'am, Yaya." Makullai suka matso.

"Cire allon nan. Lambar nas ɗin nan tana wurin yayarka, ka kira ta yau. Ka kira Auta ma, ta ce wa mai gidan can ya ƙara mana haƙuri kaɗan. Duk abin da nas ta faɗa a kan gidan, kada ka kawo mini."

"Har robar?"

Kafinta ya dubi matakalar. "Har robar."

La'ada ya leƙo ta kafaɗarsa ya hango yayarsa a zaune a kan taki. Fara'ar ta bar fuskarsa na ɗan lokaci, sannan ya mayar da ita da ƙyar.

"To, Yaya. La'adata fa?"

"Ka riƙe allon. Katako ne mai kyau."

"Takardun kuma?"

"Ku jira ni. Zan ɗan jima."

Ya tura ƙofar ya rufe. Ya hau har inda take, ya juya ya ba sama baya, ya zauna kusa da ita, gwiwoyinsa suna ƙara kamar tsohuwar kujera.

"Yaya ake yi?" ya ce.

"Baban Auta, ka tashi, tufafinka."

"Nuna mini."

Ta dube shi, ta ga da gaske yake. "Kai hannunka baya. Ba can ba, nan. Kada ka yi da ƙarfi, ka bar hannu ya yi aikin."

Suka dafa tare, suka ɗaga, suka hau taki ɗaya. Kafaɗarsa na gogar bango, tata na gogar mariƙi.

"Ka ga amfanin faɗin da ka yi mata," in ji Gwaggo. "Ta ɗauki mutum biyu."

Suka sake dafawa. A taki na gaba Kafinta ya gaji, ya ce su ɗan huta, ta zauna ta jira shi.